Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya, To In Tafiyar Ta Zo a Dole Fa?

A watan Nuwamba na 2023, matasa 836 da suka karanto aikin likita a ƙasashen waje suka zauna jarrabawar neman lasisi a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Da sakamako ya fito, 433 daga cikinsu ba su kai labari ba. Kowannensu yana riƙe da takardar digiri, wasu har walima an yi musu a unguwa, amma a idon doka babu likita a cikinsu sai wanda Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ta gwada ta ce ya isa. A mafi yawan shekaru sau biyu hukumar take shirya wannan jarrabawa. Wanda ya faɗi, da wanda ya fasa shiga, duk sai sun jira watanni kafin wata ta zagayo.

Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ya yi karatu a waje ɗan masu hannu da shuni ne. A Kano ba haka abin yake ba. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura 'ya'yan talakawa, maza da mata, karatu a ƙasashe irin su Sudan da Masar da Indiya, kuma da dama cikin matan likitanci aka tura su koyo. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka sayar da fili ko gona suka kai su Sudan, saboda kusa ce, ga sauƙin kuɗi, ga addini ɗaya, kuma babu yajin aikin malaman jami'a irin wanda ya cinye wata takwas a 2022. Yaƙin da ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya koro da yawa gida, wasu sun gama, wasu da saura. Ba a yi wata biyu ba, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur. Gidan da suka bari yana cin abinci sau uku suka dawo suka tarar ana lissafin kwanon masara.

Ga yadda gardamar takan taso. A ce saurayi ne a wani lungu na Koki ko Yakasai. Saura mako uku jarrabawa, an riga an biya kuɗin rajista da kwasar adashen mahaifiyarsa, sai mahaifin, wanda rumfarsa ta Kasuwar Kurmi ce ke riƙe da gidan, ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Aka ba shi gado a Asibitin Murtala. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitocinmu ya san mai jinya rabin ma'aikaci ne: shi zai sayo magani, shi zai kai jini ɗakin gwaji, shi zai juya mara lafiya, shi zai nemo mai ba da jini. To wa za a ɗora wa wannan in ba wanda ya karanta likitanci ba? “Ai kai ka san yarensu,” in ji kowa. Littafi ya koma ƙarƙashin matashin kai, sai ƙarfe ɗayan dare a buɗe shi da fitilar waya. Abin da ke raba kan dangi a zaure shi ne: ya daure ya yi karatun ƙurarren lokaci ya shiga, ko ya haƙura sai zagaye na gaba?

Masu cewa ya shiga sun fi yawa, kuma ba rashin tunani ne ya sa su ba. Wanda ya ci jarrabawar yakan sami rajistar wucin gadi, ya nemi gurbin aikin horo na shekara ɗaya a asibiti, aikin da ake biyan albashi a kansa. Wannan albashi shi ne abin da gidan ya shekara shida ko bakwai yana hange. Ɗage jarrabawa da wata shida, a wajensu, wata shida ne na cin bashi a wajen mai shago, da ƙannen da aka koro daga makaranta suna zaune a tsakar gida. Baffa zai dube shi ya ce, “Ɗana, wahalar da kake jira ta wuce, wa ya faɗa maka ranar wucewarta?” Kuma da gaskiyarsa. Shanyewar ɓarin jiki ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe, mutum yakan shekara a kwance. In kuma ta Allah ta kasance, sai zaman makoki, sai uwa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, sai maganar gado, sai rumfar kasuwa ta nemi mai zama, kuma babban ɗa ake fara duba. Wanda ya ce sai hankali ya kwanta zai zauna jarrabawa, a irin waɗannan gidaje, yana iya jira har furfura ta fito masa.

Suna kuma tunatarwa cewa yaron ba yau zai fara ba. Shekara shida ya yi yana wannan karatu, don haka abin da zai yi a mako uku tuni ne, ba sabon koyo ba. Ilimin da ba a aiki da shi kuwa zurarewa yake yi. Wanda ya baro makaranta wata takwas da suka wuce ya fi wanda ya baro ta shekara biyu tuna hanyoyin jijiyoyi da adadin maganin da ake ba yaro gwargwadon nauyinsa, saboda haka kowane jinkiri daga uwar kuɗi yake ci. Wasu ma sukan ƙara da cewa ko faɗuwa ya yi, ya dai ga fuskar jarrabawar, ya san inda ake kama mutum. Hujjar da na fi ganin ƙarfinta a wannan ɓangare ita ce ta asibitin kansa. Asibitin Murtala, wanda aka buɗe tun 1927, yana cikin asibitocin da suka fi cunkoso a Arewa. Mai jinyar da ya san abin da yake kallo, in ya buɗe ido lokacin da likitoci ke zagayen gado-gado, zai ga masu ciwon suga da ciwon ƙoda da ciwon zuciya da hanta a mako biyu fiye da yadda wani ɗalibin ya gani a zango guda a ƙasar da ba a barin baƙo ya taɓa mara lafiya. Zaman jinyar da ake gani asarar lokaci yana iya zama rabin shiri.

Masu cewa ya dakata ba su kai waɗancan yawa ba. Galibi likitoci ne da suka riga shi bin hanyar, ko wata yayarsa da ta lura da yadda ya rame. Karin maganar da ke bakinsu ita ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ilimi yana bayansu. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya nuna cewa abin da aka cusa wa ƙwaƙwalwa a zama ɗaya yakan zube da sauri, mafi yawansa cikin kwana guda, kuma maimaitawa da tazara ta fi maimaitawa a jere. Mutanen birni ba sa buƙatar Bajamushe ya faɗa musu wannan. Duk gardin da ya yi zaman tsangaya ya san ba a haddace izu sittin a azumi guda. A rubuta allo, a biya, a wanke, a dawo a yi tishe, shekara da shekaru. Wanda ya cusa izu ɗaya da daddare yana iya kawo shi da asuba, amma a tare shi bayan mako a ce ya ja baƙi.

Ita jarrabawar ma ba duka hadda ke cin ta ba. Kashi uku ce: tambayoyi a kwamfuta, da hotunan da ake nunawa a ce faɗi abin da ka gani, sai gwajin aiki da ɗalibai ke kira oski, inda ake zagaya tashoshi, kowace da 'yan mintuna ƙididdigaggu, a ce ɗauki tarihin ciwon wannan, ko duba cikin wancan, ko yi wa wannan uwa bayanin abin da ke damun ɗanta. Kashin farko ana iya yi masa dabara da tsofaffin tambayoyi. Na ƙarshe kuwa a hannu yake da baki. Hannun da bai saba taɓa ciki ya gane saifa ta kumbura ba, ba zai koya a daren jajiberi ba, kuma malamin da ke tsaye da takardar maki yana gane wanda ya saba tun daga yadda ya gaishe da mara lafiya. Ga kuma bambancin cututtuka. Wanda ya yi karatu a Yukiren yana iya kammalawa bai taɓa ganin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, ko mai sikila da ciwo ya tasar masa, ko mashaƙon da ya addabi Kano a 2023. Na Sudan sun fi sa'a ta nan, domin cututtukanmu da nasu kusan ɗaya ne.

Sai maganar barci da damuwa, wadda a gidajenmu ba a cika ɗauka da muhimmanci ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana, don haka wanda ya raba dare tsakanin juya mahaifinsa da buɗe littafi yana zuba karatun ne ba tare da ya ba shi wurin zama ba. A 2013 mujallar Science ta buga binciken da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka yi a kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Manoman nan dai su ne aka gwada kaifin tunaninsu sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi, da kuɗi ya shigo. Sun fi taɓukawa bayan girbi. Bayanin masu binciken shi ne damuwar kuɗi tana mamaye wani kaso na hankalin mutum ko bai sani ba. Idan haka ne ga manomin da ke jiran kakarsa, ina ga wanda ke karanta babin shanyewar jiki alhali mahaifinsa na kwance da ita a gabansa, ga takardar maganin da ba a saya ba a aljihu?

Faɗuwa kuma ba a banza take zuwa ba. Kuɗin rajista ya tafi, sai an sake nemo wani. Sannan a cikin birni babu abin da ke ɓuya. Tun yana aji ɗaya ake kiransa Likita daga bakin lungu har ƙofar masallaci, tsofaffi suna miƙo masa takardar gwaji ya karanta musu. Ranar da aka ji bai ci ba, ba wanda zai tambayi ko nawa ne suka faɗi tare da shi, abin da za a ce shi ne “ashe karatun nasu na can ba shi da kyau.” Akan sami wanda bayan faɗuwa ta biyu gwiwarsa ta sage gaba ɗaya, ya koma zaman kantin magani, ya bar maganar lasisi sai yadda hali ya yi. Masu wannan ra'ayi suna ganin gara a shiga sau ɗaya da shiri. Sukan kuma yi wata tambaya da ba a so a ji: in ya kulle kansa a ɗaki mako uku, mahaifin ya cika ba ya kusa, wane sakamako ne zai wanke masa wannan?

Ko a gaban malamai maganar ba ta yankewa da sauƙi. Mai cewa ya zauna da mahaifinsa zai kawo hadisin mutumin da ya nemi izinin fita jihadi aka mayar da shi ga hidimar iyayensa. Mai cewa ya shiga zai tuna cewa Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci cikin farillan da idan babu wanda ya ɗauke wa al'umma, kowa ya yi laifi, kuma neman abin da za a ciyar da iyaye a sai musu magani shi ma hidimarsu ne.

Akwai kuma masu kauce wa tambayar su ɗora laifi a kan jarrabawar. Ƙasar da ministan lafiyarta, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ta cikin shekara biyar, yaya za ta riƙa kayar da rabin masu son shigowa aikin? Iyayen ɗalibai sun sha kokawa a kan haka. Koke a kan yadda ake ba da maki, ko tsadar shiga, ko ƙarancin wuraren horo kafin jarrabawa, ya cancanci a saurare shi da kyau. Amma a sassauta ma'auni don tausayi, wannan kam ban yarda ba. Likitan da aka tsallakar don tausayi ba attajiri zai duba ba, shi attajiri Alƙahira ko Dubai ko Indiya zai nufa. Layin Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero zai tarar, kuma waɗanda ke kan layin iyaye ne da ƙannen lungun da ya fito.

A nawa ganin, ɓangarorin biyu suna ta ja-in-ja ne a kan abin da za a iya aunawa cikin yini ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka sun gwada ɗalibai: waɗanda suka yi ta maimaita karanta wani rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan kwana biyu, da bayan mako guda, waɗanda aka riƙa yi wa tambayoyi a kan rubutun su ne suka yi gaba. Maimaita karatu yana sa mutum ya ji kamar ya iya, tambaya ce ke nuna masa gaskiya, kuma ita ke sa abin ya zauna. To sai yaron ya ɗauko tsofaffin tambayoyi, ya rufe littafi, ya sa agogo, ya amsa kamar yau ce ranar. Ya kuma roƙi wani babban likita ya tsaya ya kalle shi yana ɗaukar tarihi yana duba mara lafiya biyu ko uku da yardarsu, ya faɗa masa gaskiya ba kara. A jami'o'inmu makin cin jarrabawar likitanci 50 ne cikin 100. Idan ya ga yana kewayen nan, ko yana ƙasa kaɗan, Baffa ya yi gaskiya: ya shiga, ya ƙarar da mako ukun a kan amsa tambayoyi da bin zagayen likitoci, ya daina karanta littafi daga bango zuwa bango, ya kuma yi barci. Idan kuwa ya ga yana can ƙasa sosai, ko hannunsa na rawa a kan mara lafiya, babu kwanan zaunen da zai cike wannan giɓi. Ya ɗage, amma ɗagewar da ke da ranar komawa, da gurbin sanin makamar aiki a asibitin koyarwa, ba ta “sai Allah ya kawo sauƙi” ba.

Sai dai ko wannan awo ba zai amfana ba idan ba a taɓa inda matsalar take ba. Abin da na lura da shi a irin wannan zama shi ne kowa yana da ra'ayi a kan abin da yaron zai yi, amma ba ka jin wanda ya ce ga abin da ni zan ɗauke masa. Gidajen cikin birni ba ƙanana ba ne. Gida ɗaya sassa huɗu ko biyar, ga 'yan uba, ga 'ya'yan baffanni, ga surukai, ga maƙwabtan da aka shekara arba'in ana tare. In biki ne, kafin a ce kwabo an raba aiki: wannan abinci, wancan kujeru, wancan motar kai amarya. In jinya ce sai a tattara a ɗora wa mutum ɗaya da sunan shi ne ya sani. Alhali mafi yawan aikin mai jinya ba ya buƙatar digiri. Bin layin kantin magani, ba da abinci, juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, kwana a kan tabarma a gefen gado, duk ɗan sakandare mai hankali zai iya in an nuna masa sau ɗaya. Abin da ake buƙatar mai ilimin ya yi bai wuce ya zo lokacin zagayen likitoci da safe ya ji abin da aka ce, ya fassara wa dangi, ya bar wayarsa a kunne ba.

Idan mace ce mai jarrabawar, abin ya fi haka nauyi. Namiji aƙalla yana iya sulalewa masallaci ko ɗakin aboki da littafinsa. Ita kuwa ana ganinta a gida, to ta sami aiki: tuwon dare, wankin mara lafiya, tarbar 'yan dubiya da ke shigowa daga hantsi har isha'i, in tana da aure ga miji ga goyo. In ta rufe ƙofa ta ce karatu take, a ce boko ya sa ta girman kai. Mu ne kuma muke kukan cewa matanmu ba sa samun mace likita a ɗakin haihuwa, har wasu mazan su hana zuwa awo saboda haka. Dalilin da ya sa aka kashe kuɗin jama'a aka tura 'yan mata karatun likita ke nan. Ba daidai ba ne a yi wannan ɗawainiya ta shekaru, sannan a rasa wadda za ta karɓi murhu na mako uku.

Hukumomi ma da nasu. Gwamnatin da ta biya kuɗin karatun shekara shida ba za ta gaza biyan kuɗin rajistar jarrabawa da na 'yan watannin horo ga wanda ta tura ba, tunda ba tare da lasisi ba duk abin da ta kashe bai haifar da likita ko ɗaya ba. Ƙungiyar likitoci reshen Kano da malaman Jami'ar Bayero suna da mutanen da za su iya shirya bitar oski kyauta ko da ranakun Asabar ne, ga duk mai shirin shiga, ba sai wanda ya san wani ba.

Hukuncina shi ne, mai tushe ya shiga ko da shirin ƙarshe ya zo masa a gurguje, wanda gwaji ya nuna masa da sauransa ya dakata ba tare da jin kunya ba, ma'auni kuma a bar shi inda yake. Ku kuma iyaye da baffanni da yayye, kafin ku ce wa ɗanku ko 'yarku shiga ko bari, ku fara rubuta sunayen waɗanda za su karɓi kwanan asibiti da girkin gida daga yau har ranar jarrabawa.